Idan Kwamfutar Wasa Ta Riƙa Mutuwa: A Gano Matsalar Kafin A Je Kasuwa

Wasan kwamfuta na zamani yana cikin ayyukan da suka fi wahalar da na'ura. Buga takarda ko kallon bidiyo ba sa cin wani ƙarfin a zo a gani, amma wasanni irin su Call of Duty da GTA V da Cyberpunk 2077 suna sa kusan kowane sashe na kwamfuta aiki tuƙuru a lokaci guda, kuma a shafe sa'o'i ana haka. Shi ya sa za a ga kwamfuta ta wuni lafiya lau a aikin ofis, amma minti ashirin da fara wasa sai ta sandare ko ta kashe kanta. Galibi raunin yana nan tun da can, nauyin wasan ne kawai ya tono shi.

Sassan da ke ɗauke da wannan nauyi ba su da yawa. Firosesa ita ke lissafin abin da ke faruwa a cikin wasan, kamar inda ƙwallo ta nufa da abin da abokin gaba zai yi. Katin hoto shi ke zana abin da ido ke gani, sau 60 ko fiye a kowace daƙiƙa. RAM yana riƙe bayanan da ake aiki da su nan take, ma'ajiya kuma, faifai ne ko SSD, tana riƙe da wasan kansa. Dukkansu a kan babban allo suke haɗuwa, akwatin wuta kuma shi ke karɓar wutar bango ya mai da ita irin wadda suke iya sha. Kowanne cikinsu na iya kashe kwamfuta, haka ma manhaja. Saboda haka mai gaggawar sayo sabon katin hoto sau da yawa yakan dawo gida ya tarar matsalar na nan daram.

Abin da ya kamata a fara lura da shi shi ne yadda kwamfutar ta mutu. Idan wasan ne kaɗai ya rufe kansa, Windows kuma tana nan ƙalau, zargi ya fi karkata ga wasan, ko direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa shi, ko RAM. Idan sikirin ya yi baƙi na ɗan lokaci sannan hoto ya dawo, katin hoto ne ya daina amsawa. Tun zamanin Windows Vista tsarin yana jiran katin daƙiƙa 2, in bai amsa ba sai ya sake tayar da direbansa, wasan kuma yakan tafi a nan. Idan shuɗin sikirin ne ya fito da rubutu, wanda a sabbin Windows 11 aka mai da shi baƙi a 2025, to Windows ce da kanta ta ci karo da kuskuren da ba za ta iya ci gaba a kansa ba. In kuwa wuta ce ta ɗauke ɗif, ko kwamfutar ta sake kunna kanta ba tare da wani saƙo ba, akwatin wuta da zafi ne a gaba wajen tuhuma. Lokacin ma yana da magana a ciki. Kwamfutar da ke mutuwa da rana ta kwana lafiya da dare tana nuni ga zafi. Wadda ke mutuwa a wasa ɗaya tak, sauran duk suna tafiya, da wuya a ce wani sashenta ne ya lalace.

Windows tana ajiye tarihin abin da ya faru, sai dai mutane ƙalilan ne ke dubawa. Reliability Monitor yana jera kowace rana da abin da ya tsaya a cikinta, Event Viewer kuma ya fi shi zurfi. A shuɗin sikirin akwai sunan kuskure da ya kamata a ɗauki hotonsa da waya kafin ya ɓace. MEMORY_MANAGEMENT yakan nuna RAM. VIDEO_TDR_FAILURE na katin hoto ne ko direbansa, kuma a katunan Nvidia yakan zo tare da sunan fayil ɗin nvlddmkm.sys. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR yana nufin wani sashe na kwamfutar ne da kansa ya kai rahoton kuskure, sau da yawa firosesa. A Event Viewer kuma akwai wanda ya fi ruɗa mutane, wato Kernel-Power mai lamba 41. Ganin sunan wuta a jikinsa ya sa da yawa suke yanke wa akwatin wuta hukunci, alhali abin da yake faɗa kawai shi ne ba a kashe kwamfutar yadda ya dace ba. Ko wutar gari ce ta ɗauke, irin saƙon da zai bari ke nan.

Da gyaran da ba ya cin ko sisi ake farawa. Manhajojin sauke wasa irin su Steam suna da hanyar bincika fayilolin wasa su maye gurbin waɗanda suka lalace. Direban katin hoto kuwa, ɗora sabo a kan tsoho ba kullum yake wadatarwa ba. Masu gyara sukan goge tsohon tas da wata ƙaramar manhaja mai suna Display Driver Uninstaller, sannan su sa sabo. Idan kuma matsalar ta fara ne washegarin sabunta direba, komawa na baya shi ne magani, domin sabon direba ma yakan zo da kuskure. Umarnin sfc /scannow yana gyara fayilolin Windows da suka samu matsala. Duk wani ƙarin gudu da aka yi wa firosesa ko kati sama da yadda kamfani ya tsara, a mai da shi daidai tukuna. Wasannin da ake kwafowa a filasha daga shago, waɗanda aka fasa kariyarsu, su kuma babi ne daban. Wasu ba su cika ba, wasu suna ɗauke da bairos, kuma ba a auna lafiyar kwamfuta da su.

Zafi da ƙura

Zafi shi ne abu mafi sauƙin aunawa. Manhajoji irin su HWiNFO da MSI Afterburner suna nuna zafin kowane sashe ana cikin wasa. Yawancin firosesa na zamani sukan fara rage gudu da kansu idan suka kai digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salsiyos, in kuma abin ya ci tura su kashe kwamfutar don kare kansu. Katin hoto yana aiki a tsakanin 65 da 85 ba tare da wata damuwa ba. Alamar zafi ita ce wasa ya fara sumul, bayan ɗan lokaci ya koma tsalle-tsalle, fankoki kuma suna ta kuka.

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa cikin ƙarfen sanyaya. Idan zafin ɗaki ya ƙaru da digiri 10, na firosesa ma zai ƙaru da kusan haka. Masu gwada kayan kwamfuta a Turai da Amurka a ɗaki mai digiri 20 da 'yan kai suke awonsu, alhali a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan haura 40. Na'urar sanyaya da aka yaba a can tana iya gazawa a ɗakin da ba shi da iyakwandishan. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ke toshe tsakanin siraran ƙarafan sanyaya har iska ta kasa ratsawa. A irin wannan yanayi share kwamfuta sau ɗaya a shekara bai isa ba. Ana kashe ta, a zare filogi, a busa ƙurar da bulowa, a riƙe fuka-fukan fanka da yatsa don kada iskar ta juya su fiye da ƙima. Man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya yana bushewa bayan 'yan shekaru, kuma sake shi aiki ne mai araha. Ɗaga kwamfuta daga ƙasa zuwa kan tebur ma yana rage ƙurar da take shaƙa.

RAM kuwa ya fi zafi wayo, domin kuskurensa ba shi da tsari. Yau wasa ya rufe, gobe shuɗin sikirin, jibi fayil ya lalace. Wani abu da masu saye ba su cika sani ba shi ne gudun da aka rubuta a jikin kwalin RAM ba shi ne gudunsa na asali ba. DDR4 da aka rubuta wa 3200 ko 3600 yakan tashi ne a 2133 ko 2400, DDR5 kuma a 4800, sai an shiga BIOS, wato saitin babban allo, an kunna XMP, ko EXPO a allunan AMD, sannan ya kai gudun da aka yi tallarsa da shi. Wannan ƙarin gudu ne, kuma ba kowace firosesa ke jure shi ba. Don haka gwajin farko shi ne a kashe shi a ga ko mutuwar za ta tsaya. Na biyu shi ne MemTest86, wanda ake tayarwa daga filasha a bar shi yana aiki na sa'o'i. Kuskure ko ɗaya ya nuna, akwai matsala. Daga nan sai a gwada sandunan ɗaya bayan ɗaya a gano mai laifin. Wani lokaci ma ba lalacewa ba ce, sandar ce ba ta zauna sosai ba, ko ƙura ta hau haƙoranta. Haɗa sandunan kamfanoni daban-daban masu gudu daban-daban yakan yi aiki, amma yana cikin manyan hanyoyin jawo irin wannan ciwon kai.

Akwatin wuta shi ne sashen da aka fi rainawa. Ba ya ƙara kyan hoto, ba ya ƙara gudu, don haka a kansa ake tsuke bakin aljihu. Matsalarsa kuma ita ce babu manhajar da za ta tabbatar da lafiyarsa. Katin hoto mai ƙarfi yakan fizgi wuta sama da ƙa'idarsa nesa ba kusa ba na wani ɗan lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma awon da ke kan sikirin ba ya kama wannan. Akwatin da bai isa ba, ko wanda ya tsufa, sai ya ɗauka an samu haɗari ya yanke wuta. Wannan fizga ta yi suna a zamanin katunan RTX 3080 da 3090, kuma tana cikin dalilan da suka sa ƙa'idar ATX 3.0 ta 2022 ta wajabta wa akwatunan wuta jure ta. Hanyar gwaji ta gaskiya ita ce a aro wani akwatin mai kyau a sa. In ba a samu ba, a rage iyakar wutar da katin ke sha da MSI Afterburner. Idan mutuwar ta tsaya, an samu alama mai ƙarfi.

Lambar da ke jikin akwati ma ba kullum take faɗin gaskiya ba. Akwatunan da ba a san kamfaninsu ba sukan rubuta wat 600 ko 800 alhali ba sa iya ba da hakan a aikace. Tambarin 80 Plus yana nuna akwatin ba ya ɓarnar wuta da yawa, wato aƙalla kashi 80 cikin 100 na abin da ya ja yana isa ga kwamfuta, amma ba shaidar ingancin kayan ciki ba ne. Wayoyi su ma suna da iyaka. Ramin da ake soka katin hoto yana ba da wat 75, filogi mai haƙora 6 yana ƙara 75, mai haƙora 8 kuma 150. Katin da ke neman filogi biyu ya fi samun nutsuwa idan kowanne da wayarsa. A 2022 an riƙa samun rahotannin narkewar sabon filogin RTX 4090, katin da ke shan wat 450, kuma Nvidia ta danganta abin da rashin tura filogin har ƙarshe. Abubuwa biyu ne ba a wasa da su a nan. Ba a sa wayar wani akwati a jikin wani, ko da bakinsu ya yi daidai, domin jerin wutar ciki ya bambanta kuma zai iya ƙona ma'ajiya da allo. Ba a kuma buɗe akwatin wuta, domin yana riƙe caji mai haɗari ko bayan an zare shi daga bango.

Wutar da ke shigowa daga waje ita ma tana cikin lissafi, musamman inda take zuwa da rauni, ko ake sauyawa tsakanin ta gari da janareto. Idan mutuwar na zuwa daidai lokacin da firji ko injin ruwa ya tashi, a duba bango kafin a zargi kwamfuta. Sitabilaiza na taimakawa, UPS kuma ya fi, amma sai an dubi girmansa. Ƙaramin UPS na ofis da aka rubuta wa 650VA bai cika kai wat 400 ba, kuma kwamfutar wasa da monitarta na iya wuce nan.

Ba kullum saƙon kuskure ke nuna mai laifi ba. A 2024 masu manyan firosesar Intel na zubi na 13 da na 14, irin su Core i9-13900K da 14900K, sun riƙa ganin wasannin da aka gina da Unreal Engine suna rufewa da saƙon cewa ƙwaƙwalwar katin hoto ta ƙare. Katunan lafiyarsu ƙalau. A watan Yulin shekarar Intel ta amsa cewa firosesar na neman wuta mai ƙarfi fiye da ƙima, abin da ke lalata su a hankali. Ta fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS a Agusta da Satumba, ta kuma ƙara shekara 2 a kan garanti. Gyaran yana hana lalacewa, amma ba ya warkar da wadda ta riga ta lalace. Duk mai irin wannan firosesa, ko mai shirin sayen ta hannu, ya kamata ya san da haka.

Ƙa'idar da ta fi kowace amfani a duk wannan bincike ita ce a sauya abu ɗaya a lokaci guda, a gwada, a rubuta abin da aka gani. Wanda ya share ƙura, ya sake direba, ya kashe XMP duk a yammaci ɗaya, ko matsalar ta tafi bai san abin da ya kore ta ba, kuma ranar da ta dawo daga farko zai soma.

Me za a fara saye?

Sai kwamfuta ta tsaya da ƙafafunta ake maganar ƙara mata ƙarfi, kuma a nan ma awo ne ke ja gaba. Ana kunna wasan da aka fi yi a dubi nauyin da ke kan katin hoto. Idan yana kashi 97 zuwa 99, shi ne iyakar gudun, kuma haka ake so a gani. Idan yana kashi 60 amma wasan na tafiyar hawainiya, wani abu ne ke riƙe shi, galibi firosesa ko RAM. Jimillar nauyin firosesa na iya yaudara, domin wasa kan cika sashe ɗaya ko biyu na cikinta ya bar sauran a zaune, sai awo ya nuna kashi 40. Gwaji mafi sauƙi shi ne a rage girman hoto. In gudu ya ƙaru sosai, kati ne ke ja baya. In bai motsa ba, sabon kati ba zai kawo wani sauyi ba.

Monita ma tana da ta cewa. Hoton 1080p yana da ɗigo miliyan 2 da 'yan kai, 1440p kusan miliyan 3.7, 4K kuma miliyan 8.3, wato ninki huɗu na farko. Monitar da ke sauya hoto sau 60 a daƙiƙa ba za ta nuna fiye da haka ba ko kati na zana 200. Sayen katin da ya fi ƙarfin monita asarar kuɗi ce, sai dai in ita ma ana shirin sauya ta.

Ga tsohuwar kwamfuta, sauyi biyu mafi araha su suka fi fitowa fili. Na farko SSD ne a madadin faifai. Faifai ba ya cika wuce megabait 200 a daƙiƙa, SSD na SATA yana kai 550, na NVMe kuma dubbai. Ba ya ƙara yawan hotuna a daƙiƙa, amma yana rage jira da ƙaƙalewa. Na biyu RAM ne, daga gigabait 8 zuwa 16, kuma sanda biyu masu 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 gudu. A allo mai rami huɗu yawanci na biyu da na huɗu ake sa su, littafin allon zai tabbatar.

Katin hoto ba ya da wuyar dacewa, domin ramin PCIe da ake soka shi, sabo da tsoho suna karɓar juna. Abin dubawa shi ne tsawonsa da faɗin gidan kwamfutar, wutar da yake sha, da girman ƙwaƙwalwarsa. Gigabait 8 na isa ga wasanni da yawa a 1080p, amma sabbin manyan wasanni sun fara matsa masa. Firosesa ce mai jan kaya a bayanta. Kowace tana da mazauninta a kan allo. Mazaunin AM4 na AMD ya karɓi Ryzen tun daga zubin 1000 na 2017 har zuwa 5000, don haka mai tsohon allo sau da yawa sabunta BIOS kawai zai yi ya sa irin su Ryzen 5 5600. AM5 na 2022 kuwa DDR5 kaɗai yake karɓa, komawa kansa na nufin sabon allo da sabon RAM. LGA1700 na Intel ya ɗauki zubi na 12 zuwa na 14, wasu allunansa na DDR4 ne, wasu na DDR5, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Akwai kuma batun Windows. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana buƙatar TPM 2.0 da firosesar Intel daga zubi na 8 ko Ryzen daga 2000. Wasu sabbin wasanni, irin su Battlefield 6, ba sa buɗewa sai an kunna Secure Boot. Zuba kuɗi a kan allon da ya girmi waɗannan ba dabara ba ce.

Mutane da yawa suna farawa ne da tsohuwar kwamfutar ofis ta Dell ko HP da aka shigo da ita. Hanya ce mai kyau, amma tana da iyaka. Akwatin wutarsu ƙarami ne, sau da yawa bai kai wat 300 ba, kuma galibi filoginsa na kamfanin ne kaɗai, ba ya musanyuwa da na kasuwa cikin sauƙi. Abin da ya dace da su shi ne katin da wutar ramin allo ke isarsa, irin su GTX 1050 Ti ko GTX 1650, kuma in gidan siriri ne sai an nemi gajeren samfuri. Laftof kuwa firosesarta da katinta a manne suke da allo, RAM da SSD ne kaɗai ake iya sauyawa, a wasu ma har RAM ɗin a manne yake.

Kayan hannu na rage kuɗi ƙwarai, amma ba duka ake amincewa da su daidai ba. Firosesa da RAM ba su cika lalacewa ba, kuma ana iya gwada su. Katin hoto sai an yi hattara. Bayan Ethereum ta daina amfani da katunan hoto wajen haƙar kuɗin intanet a Satumbar 2022, katunan da suka shekara suna aiki dare da rana sun kwararo kasuwa. Da yawansu na aiki lafiya, sai dai fankokinsu sun gaji, man sanyayarsu ya bushe. Akwai kuma na jabu, tsohon kati da aka sauya wa suna, wanda manhajar GPU-Z kan tona asirinsa. Kafin a biya, a sa katin a kwamfuta a gaban mai shago, a ɗora masa nauyi da FurMark ko wani babban wasa na aƙalla rabin sa'a, ana kallon zafi da ko wasu ɗigo-ɗigo ko layuka za su fito a hoto. Akwatin wuta ne kaɗai bai kamata a saya na hannu ba, domin babu yadda za a gane gajiyarsa a kan teburin shago. Sabo mai inganci yakan zo da garantin shekara 5 zuwa 10, kuma yana iya yi wa katin hoto biyu ko uku aiki kafin a sauya shi.